Tsallen Arvo Niemela

Duk garin Tamarack Point babu wanda ya kai Arvo Niemela sanin ruwa. Wannan ba yabo ba ne, magana ce da kowa ya sani, wanda kuma ya manta Arvo zai tuna masa kafin kofinsa ya huce. Ko firamare bai ƙarasa ba ya shiga jiragen ruwan da ke dakon ƙarfe a Babban Tabki, bai sauka ba sai da kansa ya yi fari fat. Yana saurayi wata guguwar Nuwamba ta karya jirginsu gida biyu. Washegari ana bin gaɓa ana neman gawa, sai ga Arvo kwance a kan duwatsu, jikinsa ƙanƙara, amma yana numfashi, yana kuma zagin wanda ya taka masa hannu.

Mutanen gari suka ce iyo ya yi ya fito. Shi dai bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba. Bai kuma taɓa ƙaryatawa ba, don a ganinsa rashin tarbiyya ne mutum ɗaya ya ƙaryata gari guda. Abin da ya faru, rigar ceto ce a jikinsa, wani katako a ƙarƙashinsa, iska kuma ta ga dama ta turo shi gida. Arvo bai iya iyo ba. Ko irin na kare. Ranar Asabar in maza sun fito daga ɗakin wankan turiri mai zafi suna rugawa su faɗa tabki, shi sai ya yafa tawul ya zauna a baranda, ya ce ya riga ya sha rabonsa na tabkin nan, ya bar wa yara. Sai a gyaɗa kai da girmamawa, a ƙara masa kofi.

Bayan ya ajiye aiki, matarsa kuma ta rasu, sai ya mai da wurin ninkayar kwalejin garin ɗakin zamansa. Can saman benci yake zama tare da sauran irinmu, tsofaffin da ba ma ɗaure igiyar takalmi sai mun huta a tsakani, muna koya wa 'yan mata masu ƙirjin ƙarfe yadda ake numfashi. Ranar gasa Arvo kan zo da kwali cike da fasti mai zafi, nama da dankali naɗe cikin burodi, ya raba wa 'yan ƙungiyar ninkayar. Shi ya sa suke ƙaunarsa, suke kuma haƙuri da shawararsa.

Abokiyar gabar Tamarack ita ce kwalejin Saint Odile, can ƙetaren gacin ruwa. Tun kafin a haifi 'yan matan da ke iyo yanzu, Saint Odile ke ɗauke kofin yankin duk watan Fabrairu. Wanda ya ɗauki kofi kuwa an san abin da ke biyo baya: duk ƙungiya ta faɗa ruwa gaba ɗaya, har da koci, da kayan jikinta, da takalminta. Wata shekara da Tamarack ta sha kashi 'yan mata na kuka a bakin ruwa, Arvo ya sauko, ya ɗaga murya ya ce su share hawaye. Ya ce ranar da suka ɗauki kofi shi da kansa zai hau dakalin tsalle na layi na huɗu, ya yi tsalle cikin wuri mai zurfi, da rigarsa da hularsa. Koci Dombrowski ta miƙo masa hannu suka tafa a kan haka. Daga ranar duk sabuwar ɗalibar da ta shigo ƙungiya, kafin a nuna mata makewayi an ba ta labarin alkawarin Arvo.

Bai taɓa hana shi barci ba. Alkawari ne a kan abin da ba zai faru ba, irin wanda ya fi daɗin yi. Duk shekara a shagon kofi na Ladonna yakan bugi tebur ya ce bana Tamarack za ta yi wa Saint Odile wankin babban bargo, duk shekara kuma ya koma gida da baƙin ciki a fuska, da rigarsa a bushe.

Mai jin daɗin wannan shi ne Lucien Thibodeau, tsohon direban motar kwashe dusar ƙanƙara daga garin Saint Odile, wanda ke tuƙo mota duk Juma'a ba don komai ba sai don ya ɓata wa Arvo rai.

Bana sai abubuwa suka fara lalacewa, wato suka fara gyaruwa. Kaisa, jikar Arvo, tana shekararta ta ƙarshe a kwalejin, ta kuma zama wata aba daban: doguwa, shiru-shiru, in ta shiga ruwa kamar jan ta ake yi da igiya. Wata Itzel ta dawo Tamarack daga wata kwalejin kudu, a salon iyon da ake kira malam-buɗe-littafi ba ta da na biyu a yankin. A watan Janairu suka je har gidan Saint Odile suka doke su a karawar ƙungiya biyu. Benci ya kaure da ihu. Arvo ma ya yi ihu, amma nasa daga wani wuri daban ya fito.

Juma'ar da ta biyo baya Lucien ya same shi a shagon Ladonna ya tasa kofi a gaba bai sha ba.

“A'a, sarkin ruwa, yau ba a buga tebur?”

“Karawar Janairu ba komai ba ce,” in ji Arvo. “'Yan matanku a gajiye suke, ba su huta ba, ba su yi askin jiki na babbar gasa ba. Bari Fabrairu ta zo. Wannan Sloane taku, mai kafaɗa kamar ƙofar gareji, ai ita kaɗai ta ishe mu.”

Lucien ya ajiye hularsa a hankali. “Ladonna, zo ki ji. Shekara nawa tsohon nan yana ce mana kwaɗi? Yau yabon mu yake yi.”

“Gaskiya nake faɗa. Namu ƙanana ne, ba su da zurfin benci, in ɗaya ta gaji babu madadinta.”

“Kai ne dai ba ka son zurfi,” in ji Lucien, yana kallonsa ta saman tabarau. “Ni fa tun muna samari ban taɓa ganin ka jiƙa ko gwiwa ba.”

“Wanda ya kwana a Babban Tabki ba ya wasa a kududdufi don ya burge direban shara.”

“Ƙanƙara nake kwashewa, ba shara ba.”

“Duk kwashe-kwashe ne.”

Mutanen shagon suka ɗauka camfi ne, tsoho ba ya son bakinsa ya kama yara. Har yaba masa aka yi.

Kada a ce Arvo bai yi ƙoƙari ba. Ya sayi gajeren wando na wanka, ya sa a ƙarƙashin na kullum, ya tuƙa mota zuwa wani gari mai nisa inda ya ji ana koya wa tsofaffi iyo da hantsi, inda kuma yake da tabbacin ba a san shi ba. Yana shiga, malamar ta dafa ƙirji. Ashe tsohuwar 'yar ƙungiyar Tamarack ce, ta ci fastinsa shekara huɗu.

“Jama'a, ku tsaya! Kun san ko wane ne wannan? Mutumin da ya yi iyo a Babban Tabki cikin Nuwamba!”

Tsofaffi mata da hulunan roba suka shiga tafi daga cikin ruwa. Arvo ya ɗaga musu hannu, ya ce wucewa yake yi ya ce bari ya ga yadda take koyarwa. Ya tsaya a bakin ruwa ya gyara wa wata tsohuwa bugun ƙafa, ya sha kofin da aka ba shi, ya koma gida, wandon yana cin sa a cinya duk hanya.

Saura hanya ɗaya, ya faɗa wa Kaisa. Ana gobe tafiya gasa ta zo gidansa da yamma, ƙafafunta da hannayenta an aske su tas kamar yadda masu iyo ke yi kafin babbar gasa, tana ta shafa su tana dariya wai jin kanta take kamar kifi. Ya zuba mata miyar kifi. Ya gyara murya.

“Kaisa, maganar tsallen nan...”

“Kai tsoho, kada ka ce min ka tsufa. Kuma gemun nan sai mun aske shi, zai rage maka gudu.”

“Bar min gemuna. Ina nufin, a shekaruna...”

Ta ajiye cokali. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. “Kaka, bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ka san zagayen ƙarshe, lokacin da hannu ya mutu, ƙirji kamar an zuba garwashi? Abin da nake gaya wa kaina ke nan: Kaka ya yi wannan cikin duhu, cikin ƙanƙara, babu igiyar layi, babu mai yi masa tafi. Sai in ji kunyar gajiya.” Ta ɗauki cokalin. “Me za ka ce?”

“Cewa zan yi miyar tana son gishiri,” in ji Arvo.

Gasar kwana uku ce, a babban wurin ninkaya na wani birni da ba na kowa ba. Arvo ya zauna a sama, Lucien a gefensa da jar rigar Saint Odile. Kwana biyu maki na hawa yana sauka, yau wannan ke gaba, an jima wancan. Duk lokacin da 'yar Tamarack ta taɓa bango ta farko Arvo ya miƙe ya yi tafi, sannan ya zauna ya leƙa ɓangaren mai zurfi, inda ruwan ya fi duhu. Bai taɓa lura ba sai yanzu, shuɗin wajen har wani baƙi-baƙi yake yi.

Yammacin kwana na uku komai ya rataya a kan tseren ƙarshe, na karɓa-karɓa, mutum huɗu-huɗu. Wanda ya riga taɓa bango tsakanin Tamarack da Saint Odile shi ke da kofi. Ta ƙarshe a Tamarack Kaisa ce. Ta ƙarshe a Saint Odile, Sloane mai kafaɗa.

Arvo ya sunkuyar da kai ya yi addu'a, addu'ar da bai kamata a maimaita ba. Bai roƙi a kayar da jikarsa ba, Allah ya kiyaye. Ya dai nuna cewa na biyu ma matsayi ne mai daraja, yarinya kuma ta fi koyon rayuwa daga rashi.

Aka yi tsit, ƙarar tashi ta buga. Ta farkon Tamarack ta riƙe. Ta biyu ta ɗan saki. Ta uku, Itzel, ta ciko wani abu, amma da Kaisa ta bar dakali Sloane ta ba ta tazarar kusan tsawon jiki guda. Addu'a ta karɓu. Arvo ya ji wani sanyi ya sauko masa, ya jingina.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. A juyin farko dai ya ga Kaisa ta fito daga ƙarƙashin ruwa daidai ƙugun Sloane, daga nan kuma ya tsinci kansa a tsaye kan benci, yatsu biyu a baki, yana wani irin fito da ya koya a jirgi, wanda ke keta guguwa. Ya cire hula yana dukan kan Lucien da ita. “Tafi! Tafi, 'yar nan! Cinye ta! Jinina ce, jinina!” Juyi na ƙarshe kafaɗa da kafaɗa. Kaisa ta duƙar da kai ta daina numfashi gaba ɗaya. Suka bugi bango kamar hannu ɗaya.

Allon sakamako ya nuna. Tamarack ta ɗaya, da tazarar da ko ƙiftawar ido ba ta kai ba.

Rufin ginin ya kusa tashi. Arvo ya sauko daga kan benci a hankali, ya zauna, ya dubi hular da ke hannunsa.

Sai dai sakamako bai tabbata ba tukuna. A tseren karɓa-karɓa sai alƙalai sun duba ko wata ta bar dakali kafin 'yar'uwarta ta taɓa bango, in an samu haka a soke ƙungiyar duka. Alƙalai sanye da fararen kaya suka haɗa kai a bakin ruwa. Suka daɗe. Arvo ya kama kansa yana tunanin cewa tashin Itzel kamar ya yi sauri. Har ya buɗe baki zai faɗa wa Lucien. Sai ya hango Kaisa a cikin ruwa, ta rungume igiyar layi, tana haki, idonta a kan alƙalai. Ya rufe bakinsa. Babban alƙali ya ɗaga hannu, komai lafiya.

Aka miƙa kofi. Koci Dombrowski ta cire wayarta daga aljihu ta ba wani, 'yan mata suka kama hannun juna suka faɗa ruwa gaba ɗaya da ihu. Suka fito da kawuna, suka juyo saman benci, suka fara dukan ruwa da tafin hannu.

“Ar-vo! Ar-vo! Ar-vo!”

Iyaye suka ɗauka. Har 'yan Saint Odile suka ɗauka, don su ma sun san labarin.

Lucien ya riƙe masa hannun riga. Babu tsokana a muryarsa. “Arvo. In ce musu zuciyarka ce? Zan ce likita ya hana. Ni za su zaga, ba kai ba.”

“Sake ni, mutumin kwaɗi. Zuciyata ta fi motarka lafiya.”

Ya sauka matakala yana ɗaga wa jama'a hannu kamar mai neman ƙuri'a. Ya cire abin jin da ke kunnensa da haƙoran robansa na sama ya damƙa wa wata alƙaliya, ta karɓa ba da son ranta ba. Hawa dakalin kaɗai sai da mutum biyu suka tallafe shi. Daga sama ya duba. 'Yan mata sun buɗe masa fili a tsakiya, Kaisa tana gaba, bakinta har kunne. Ya yi tunanin cewa mutum talatin da suka fi kowa iya iyo a jihar suna kewaye da shi, in akwai wurin da ya dace a nitse a duniya, to nan ne. Ya danne hula, ya toshe hanci, ya taka iska.

Ruwan da ɗumi. Abin da ya fara ba shi haushi ke nan. Sannan takalmansa na ƙanƙara da rigar ulu suka cika, ya tafi ƙasa a tsaye kamar angar jirgi, har ƙafarsa ta taɓa baƙin layin da ke zane a daɓe. Ya ɗaga kai. Can sama ƙafafu ne birjik suna wutsil-wutsil. Ya jira a zo.

Ba wanda ya zo. Abin da lissafinsa bai kama ba shi ne, mutanen da aka jefa a ruwa tun suna rarrafe ba ya shiga kansu cewa akwai babban mutum da bai iya ba, balle Arvo Niemela. A wurinsu daɗewa a ƙarƙashin ruwa gwaninta ce. Da suka ga bai taso ba sai murna ta ƙaru. Suka fara ƙirga masa da ƙarfi suna tafi. Ya ɗaga musu hannu biyu yana kaɗawa. Suka mayar masa da gaisuwa. Can sama Lucien yana ihu har muryarsa ta shaƙe, amma kowa ihu yake yi.

Kaisa ce ta saukar da tabaran ruwanta ta nutsa don ta ga kakanta a fagensa. Ta zo daidai fuskarsa tana murmushi. Ta ga idanunsa. Murmushin ya fice da kumfa. Ta cafki wuyan rigarsa, ta doki ƙasa da ƙafa biyu, ta yi sama da shi kamar buhun dankali.

Suka shimfiɗa shi a bakin ruwa. Ya amayar da abin da ya sha, ya yi tari, ya sake amayarwa. Wurin ya yi tsit, sai ɗigar ruwa. Hularsa na yawo ita kaɗai a layi na huɗu. Jama'a kamar dubu suna kallo, kowa kuma ya gama haɗa lissafinsa.

Arvo ya miƙa hannu aka ba shi haƙoransa. Ya sa, ya gyara zama.

“Ruwan nan ya yi ɗumi da yawa,” in ji shi. “Ruwan ɗumi ba ya ɗaukar mutum. Kowa ya san wannan.”

Koci Dombrowski ce ta fara fashewa da dariya, ta durƙusa tana riƙe ciki, rigarta na tsiyaya. Sauran suka bi. Lucien ya ƙaraso da gudun tsofaffi, fuskarsa fara fat, ya tsaya yana haki, ya rasa zagin da zai fara da shi.

Kaisa ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa a gabansa.

“Ba ka iya ba.”

“To... ban ƙware ba.”

“Ko kaɗan ba ka iya ba! Ka sani, kuma ka hau ka yi tsalle? Da ka mutu a gabana fa, ranar da na ci kofi?”

“Ai na tafa da koci.”

Ta dube shi, ta daɗe, ba ta san ko ta rungume shi ko ta mayar da shi ruwan ba. Ta yafa masa tawul ɗinta, ta ja shi da ƙarfi har wuyansa ya sunkuya.

“Litinin da safe,” ta ce. “Ɓangaren da ruwa ke tsayawa a cibiya. Zan ba ka allon riƙewa na 'yan koyo, za ka busa kumfa har sai na ce ya isa. Ka makara, in zo in ɗauko ka a gaban mutanen shagon Ladonna.”

“Ni? Da allo?”

“Da allo.”

Arvo ya goge gemu, ya dubi ruwan, ya dubi Lucien da ke tsaye a kansa.

“Akwai gasar 'yan sama da tamanin, ko?” ya tambayi koci. “A wane wata ake yi?”

“Kaka!”

“Tambaya kawai na yi. Wani ya ciro min hulata.”